Neman aikin rubuta manhaja daga ƙauye: amsa ga wani ƙanena na ƙasar Ringim

Ƙanena, tambayarka ta iso gare ni, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda masu karatu da ke cikin irin halin da kake ciki. Ka ce ka kammala babbar difloma a kimiyyar kwamfuta a Kazaure, ka yi hidimar ƙasa, ka dawo ƙauyenku a ƙasar Ringim inda kake riƙe da 'yar rumfar cirar kuɗi ta POS. Ka taɓa HTML da Python da Flutter, wato yarukan kwamfuta da kayan aikin rubuta manhaja, ka tara takardun shaida 9 na kwasa-kwasan intanet, ka aika neman aiki wurare fiye da 40, amma ko amsa babu wanda ya ba ka. Mahaifinka kuma ya ce ko dai ka nemi aikin gwamnati ko ka rungumi gona da gaske. Kana so ka san abin da ya rage ka koya, da kuma ko sai ka tattara ka koma Legas ko Abuja kafin a ɗauke ka aiki.

Na shafe sama da shekara 12 ina cin abinci da wannan sana'a, kuma a shekarun baya-bayan nan na sha zama a kujerar masu tantance masu neman aiki. Ni ma a ƙauye aka haife ni, a ƙasar Gaya, don haka na san yadda ake cajin kwamfuta a shagon mai cajin waya, na kuma san yadda ake fita bayan gari neman sabis. Abin da zan fara gaya maka shi ne ba ƙarancin kwasa-kwasai ke damunka ba, kuma kwas na 10 ba zai sauya komai ba. Wanda aka tula wa takardun masu neman aiki a gabansa tambaya ɗaya ce a ransa: shin wannan mutumin ya taɓa gina wani abu ya kai shi ƙarshe, har wani bawan Allah wanda ba malaminsa ba ne, ba kuma abokinsa ba, ya dogara da shi a harkarsa ta yau da kullum? Takardar shaida tana nuna ka kalli darasi har ƙarshe, amma ba ta amsa wannan tambayar, kuma a duk abin da ka lissafa mini ban ga abin da ke amsa ta ba.

Ya kamata ka fahimci irin kasuwar da ka shigo. Akwai lokacin da kamfanoni ke ɗaukar sabon shiga su horar da shi da kuɗinsu. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, da haka ya yi suna, amma a watan Satumba na 2019 ya sallami kimanin ƙananan ma'aikata 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, domin abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. Daga ƙarshen 2022 kuma, bayan fitowar ChatGPT da makamantansa, ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su sun zama abin da ƙwararre ke gamawa cikin mintoci da taimakon ƙirƙirarriyar basira. A ɗaya gefen, masu koyo sun ƙaru ƙwarai. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, rukuninsa na farko kaɗai mutum 30,000 ne. Shiri ne mai amfani, kuma ina ƙarfafa duk wanda ya samu dama ya shiga, sai dai ma'anarsa ita ce takardar da ke hannunka tana hannun dubban mutane, su ma kuma sun gina irin manhajar hasashen yanayi da ta lissafin ayyukan yini da kowane darasi ke koyarwa.

Game da abin da za ka koya, ba zan tsawaita ba. Ba a tauna taura biyu, kai kuwa uku ka cusa a baki. Tunda ka riga ka fara Flutter, kuma mutanen da ke kewaye da kai waya suke riƙewa ba kwamfuta ba, ka tsaya a kanta wajen gina fuskar manhaja, ka riƙe Python wajen gina ɓangaren da ke bayan fage, sannan ka haramta wa kanka sabon yaren rubuta manhaja har shekara guda, in ban da wanda zan ambata yanzu. Abubuwa uku ne kawai zan ce ka ƙara, kuma duk sun fi kowane sabon yayi daɗewa. Na farko SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wanda zai bi ka duk inda ka je a wannan sana'a. Na biyu Git, wato tsarin da ke adana tarihin duk sauyin da aka yi wa rubutun manhaja, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kuma da wuya yau ka samu ƙungiyar masu rubuta manhaja da ba da shi take haɗa aikinta ba. Na uku shi ne sanin abin da ke faruwa tun daga lokacin da waya ta aika buƙata zuwa babbar kwamfutar da ke intanet har amsa ta dawo, da abin da ke faruwa idan ba ta dawo ba. Darussan CS50 na jami'ar Harvard da na freeCodeCamp kyauta ne, kuma sun ishe ka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Kana ganin zamanka a ƙauye shi ne cikas, ni kuwa ina ganin a nan ne abin da zai bambanta ka da sauran yake. Ka dubi duk wani Alhaji da ke sayen riɗi ko hatsi a yankinku yana kaiwa kasuwar Gujungu ko Dawanau. Yana da littafi mai bangon kwali, wanda gefensa ya yi baƙi saboda yawan juyawa, a ciki aka rubuta wanda ya karɓi taki bashi da damina zai biya da kaka, da wanda aka ba kafin alƙalami, da buhunan da suka hau wace mota. Yaronsa ne ke rubutawa, kuma ranar da yaron ya yi tafiya ko littafin ya jiƙe, sai rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara 20 suna ciniki. Ka je ka gaishe shi, ka nemi izinin zama kusa da mai littafin ranar kasuwa biyu ko uku, kada ka ambaci manhaja ko kaɗan, ka zuba ido kawai.

Manufar ita ce daga baya ka gina masa manhajar da za ta maye gurbin littafin, kuma abin da za ka gani babu darasin da zai koya maka shi. Za ka tarar akwai Sani uku a shafi ɗaya, kuma ba da lambar waya ake rarrabe su ba, domin biyu daga cikinsu wayar gida ɗaya suke amfani da ita, da laƙabi ake rarrabe su, wannan mai shayi, wancan na gidan Liman. Nan take ka ci karo da tambayar yadda rumbun bayananka zai gane mutum. Za ka tarar buhu ba ma'auni ɗaya ba ne, tiyar da buhun wannan ya ɗauka ba ita ta wancan ba, don haka dole ka yanke shawarar da wane ma'auni za ka adana kaya. Za ka tarar ranar kasuwa, wato ranar da aka fi bukatar manhajar, ita ce ranar da sabis ke ɗaukewa saboda cunkoson jama'a a kan turken sadarwa guda, don haka dole manhajar ta adana komai a cikin wayar da SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai da ke zama a cikin waya, ta aika daga baya idan sabis ya dawo. Daga nan babbar tambaya za ta taso: idan Alhaji ya rubuta a wayarsa cewa Sani ya biya, yaronsa kuma ya rubuta wani adadi daban a tasa wayar, duk babu sabis, wanne za a ɗauka idan wayoyin suka haɗu? Ba za ka iya dogara da agogon waya ba, domin za ka samu wadda kwanan watanta ke shekarun baya tun ranar da aka cire mata batir. Mafita mafi aminci ita ce kada a taɓa gogewa ko gyara abin da aka shigar, a riƙa ƙara sabon layi da ke warware na baya, kamar yadda masu lissafin banki ke yi, ta yadda kowane kuskure zai bar sawunsa.

Akwai ƙananan abubuwa ma da za su kama ka. Idan ka adana kuɗi a matsayin lamba mai ɗigo, wata rana jimla za ta saɓa, domin a Python da JavaScript idan ka haɗa 0.1 da 0.2 abin da za ka samu shi ne 0.30000000000000004. Saboda haka ake adana kuɗi da kobo a matsayin cikakkiyar lamba, kuma haka Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, ke karɓar adadi daga masu haɗa manhajarsu da shi. Za ka rubuta sunan Ɗanladi ko Ƙasimu ka ga harafin farko ya koma alamar tambaya a rasit idan ba ka daidaita rumbunka a kan UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa da ya san masu lanƙwasa, sannan ka gano mai nema zai buga D marar lanƙwasa yana sa ran sunan ya fito. Wataƙila Alhajin da kansa da ajami yake karatu, sai ka gane manyan lambobi da hoton mai bashi da saƙon murya sun fi masa amfani a kan dogon rubutun boko. Wata rana kuma za a sace wayar a kasuwa, ranar ce za ka san ko ka tanadi kwafin ajiya, da kuma ko ɓarawon zai iya buɗe sirrin bashin mutane. Bayanan mutane amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya da ta ɗora wa mai tara su alhaki.

Waɗannan matsaloli da na lissafa, wato aiki ba tare da sabis ba, da daidaita bayanai tsakanin na'urori, da lissafin kuɗi marar kuskure, da tsare sirri, su ne ainihin abin da kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su Moniepoint da OPay ke fama da shi kullum, domin wakilansu a irin rumfarka suke zaune. Kai ka ma fi yawancin masu neman aikin sanin yadda ake ji idan an cire kuɗin tsohuwa a asusu, na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba, ita kuma tana tsaye tana jiran kuɗin cefane. Wannan ilimi ne, kada ka ɓoye shi a takardarka don kana jin rumfar POS ƙaramar sana'a ce.

Ka gina abin ƙarami, ya yi abu biyu ko uku kawai amma ya yi su daidai, ka sa a hannunsu, sannan ka raine shi aƙalla wata shida, ya ratsa kaka guda. Rainon ne aikin, domin gina sabuwar manhaja kowa na iyawa a mako biyu, gyara ta alhali ana amfani da ita ba tare da bayanin kowa ya salwanta ba shi ne abin da ake biyan albashi a kansa. Kuma ka karɓi kuɗi, komai ƙanƙantarsa, ko da kuɗin data ne a kowane wata. Abin da aka biya ake kawo ƙorafi a kansa, ƙorafin kuma shi ne malaminka. Ka ɗora kod ɗin, wato rubutun manhajar, a GitHub, shafin intanet da masu wannan sana'a ke ajiye aikinsu a gani, ba tare da bayanan mutane ba, ka rubuta bayani a shafin farko da ke faɗin matsalar da ka tarar, da shawarwarin da ka yanke, da dalilansu, da abin da ya lalace da yadda ka gyara shi, sannan ka ɗauki bidiyon minti biyu na yaron shagon yana amfani da ita, da izininsu. Gani ya kori ji.

Na taɓa zama a wata ganawar ɗaukar aiki inda wani matashi ya zo da irin wannan, tasa manhajar ta kuɗin makaranta ce da ya gina wa wata Islamiyya a garinsu. Ya kasa warware ɗaya daga cikin tambayoyin lissafin da muka ba shi, amma da muka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala, sai ya kwashe minti 15 yana bayanin yadda iyaye ke biyan kuɗin 'ya'ya uku a dunƙule, wani lokaci rabi, wani lokaci ta hannun maƙwabci, da yadda ya sake fasalin rumbun bayanansa sau biyu kafin lissafin ya tsaya. Da ya fita babu wanda ya yi gardama a cikinmu, shi muka ɗauka.

Game da ƙirƙirarriyar basira, ka yi amfani da ita, domin duk inda za ka yi aiki za a sa ran ka iya. Amma ka mayar da ita malamin da kake yi wa tambaya, kada ka mayar da ita ɗan ƙwadagon da zai yi maka noma kana kwance. Duk layin da ba za ka iya bayyana dalilinsa da bakinka ba, kada ka bar shi a cikin aikinka, domin mai tantancewa zai nuna layi ɗaya ya ce me ya sa, kuma a nan ake gane wanda ya rubuta da wanda ya kwafa. Kada kuma ka taɓa liƙa mata sunaye da lambobin mutanen da suka ba ka amana.

Sai batun inda ake samun aikin. Aika takarda wurare 40 da ba su san ka ba ita ce hanya mafi rauni, musamman a aikin farko. Yawancin waɗanda na sani a wannan sana'a ta hannun wani da ya ga aikinsu suka samu aikinsu na farko, kuma wannan ba alfarma ba ce irin wadda muke ƙorafi a kanta, shaida ce daga wanda zai ji kunya idan ka gaza. Da ɗan gari akan ci gari. Kano ba ta yi maka nisa ba, ka riƙa shiga tarukan masu rubuta manhaja irin su DevFest da ƙungiyoyin masu amfani da fasahar Google ke shiryawa duk shekara, ka san mutanen CITAD, cibiyar bunƙasa fasahar sadarwa da ke can, kuma idan ka je kada ka tsaya ɗaukar hoto, ka buɗe wayarka ka nuna wa wanda ya girme ka a aikin abin da ka gina, ka roƙe shi ya faɗa maka aibinsa. Ka kuma lura da wata ƙofa da matasanmu ke rainawa, wato bayanan kiwon lafiya da na ayyukan raya karkara. Tsarin tattara bayanan lafiya na Najeriya a kan DHIS2 yake tafiya, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, masu aikin fili kuma da ODK da KoboToolbox suke cike bayanai a waya. Ƙungiyar eHealth Africa tana da babban ofishi a Kano, kuma irin wannan aikin take yi. Wanda ya iya waɗannan kayan aiki, ya iya SQL, yana jin Hausa, ya kuma san yadda ake shiga gari a gaida mai unguwa kafin a fara tambayar mutane, ba shi da abokan takara da yawa.

Akwai kuma buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke iya ba da gudummawa a cikinsu. DHIS2 da ODK duk irinsu ne. Gyara ɗaya da masu kula da irin wannan aiki suka duba suka karɓa ya fi takardunka 9 nauyi, domin yana nuna ka iya karanta kod ɗin wani, ka karɓi gyara ba tare da fushi ba. Shirin Outreachy yana biyan dala 7,000 ga wanda aka zaɓa don aikin wata uku daga gida, shirin Google Summer of Code ma yana biya, sai dai takarar tana da zafi, don haka ka ɗauke su a matsayin ƙari.

Takardar tarihin karatu da aikinka ta tsaya a shafi ɗaya, manhajar Alhaji a sama da adireshin da za a latsa a gani, makaranta a ƙasa. Ka cire jerin yarukan da ka taɓa sau ɗaya, domin duk abin da ka rubuta ka ba da izinin a tambaye ka shi. Dole kuma in faɗa maka wata gaskiya da ba a cika faɗa wa 'yan Arewa ba don kara: rubutaccen Turanci yana kayar da mutanenmu fiye da kod. Ba lafazi nake nufi ba, babu ruwan kowa da lafazinka. Ina nufin iya rubuta saƙo mai layi biyar da ke faɗin abin da ka gwada, da abin da ka sa ran gani, da abin da ya faru a maimakonsa. Rabin aikinmu irin wannan rubutu ne, don haka ka riƙa rubuta abin da ka yi kowace rana da Turanci, ko da sakin layi ɗaya ne. A ganawar kuma ka yi tunani da ƙarfi yadda za a ji, idan ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo shi. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai a gaban manya abu ne mai kyau a zaure, amma a wannan ɗakin shiru ana fassara shi da rashin sani.

Tambayarka ta komawa Legas ko Abuja kuwa, amsata ita ce kada ka tafi sai da takardar ɗaukar aiki a hannu. Kuɗin haya da na mota za su cinye ɗan jarinka kafin ka gama gane hanya, alhali a gida kana da ɗaki da tuwo da rumfar da ke sayen data. Amma idan aikin ya samu a ofis, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja ko Legas, ka tafi, ko da albashin bai burge ka ba, muddin akwai waɗanda suka fi ka da za su riƙa duba kod ɗinka. Shekara biyu a gefen ƙwararre ta fi biyar kai kaɗai. Aiki daga gida da ake biya da dala, wanda ya ƙara jan hankalin matasa tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, gaskiya ne akwai shi, sai dai galibi masu gogewa ake ba. Idan lokacinsa ya zo, ka sani agogonmu bai wuce bambancin awa ɗaya da na Ingila ko Jamus ba, na gabashin Amurka kuwa yana bayanmu da awa 5 zuwa 6, wato aikinsu zai ci maka magariba da isha.

Ko a yanzu ma ba a fafe gora ranar tafiya. Ribar rumfarka ta farko ta tafi ga wuta da sabis kafin komai: ƙaramin faifan sola da batir da za su riƙe laftof, wadda cajarta yawanci wat 45 zuwa 65 take ja, da layuka biyu na kamfanoni daban-daban. Idan za ka sayi kwamfuta ta hannu a titin Beirut a Kano, ka nemi mai ƙwaƙwalwar aiki aƙalla giga 8 da ma'ajiyar SSD, ka gwada batirinta a gabansu, kuma ka riƙa gwada manhajarka a kan waya ta gaske mai araha irin ta mutanen kasuwa, domin kwaikwayon waya a cikin kwamfuta yana cin ƙarfi. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe kwamfuta a ƙauye, kada ka ɗora ta a kan katifa. Ranar ganawa ta bidiyo kuma ka tafi Ringim ko Dutse tun da safe ka zauna inda sabis ya tsaya.

Ka kiyayi duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka, da wanda gwajinsa cikakkiyar manhaja ce da za ta ci maka mako biyu kyauta, da wanda ya nemi lambar BVN ɗinka ko ya ce za a riƙa turo kuɗi ta asusunka kana miƙawa gaba. Idan aikin kwantiragi ne, a rubuta abin da za ka yi da abin da ba ya ciki, ka karɓi kafin alƙalami, ko da mai aikin ɗan uwa ne.

Maganar Baba kuwa, kada ka ɗauke ta a matsayin rashin fahimta. Shi abin da yake gani shi ne ɗa mai takarda yana kwana a gaban kwamfuta babu abin da ke shigowa, a zamanin da ake yawan jin labarin samari masu damfara ta intanet, kuma yana da haƙƙin ya damu. Ka zauna da shi ka nemi wa'adi bayyananne, misali daga wannan kaka zuwa ta baɗi, ka riƙe aikin gonarka da damina ba tare da an tuna maka ba, ka bar dogon zaman kod ga rani. Ranar da Alhajin da ya sani ya tare shi a masallaci ya ce yaronka ya gyara mini lissafi, ranar ce zai gane sana'ar fiye da duk bayanin da za ka yi masa. Kana iya gaya masa cewa wannan fanni ba baƙo ba ne a Jigawa, domin Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, a 2019, ɗan Haɗeja ne. Idan aikin gwamnati ya samu kada ka raina shi, amma ka shiga da sanin cewa a yawancin ofisoshi kula da na'urori da shigar da bayanai za ka yi, ginin manhajar kuwa 'yan kwangila ake ba, don haka sai ka ci gaba da wasa hannunka da yamma.

Idan Allah ya sa aka ɗauke ka, watanni shida na farko karatu ne fiye da rubutu. Za a ba ka kod ɗin da wasu suka rubuta shekaru kafin zuwanka, kuma za ka ji sha'awar cewa a rushe a sake, ka danne wannan sha'awar har sai ka san dalilin kowane abin da ya yi maka kama da shirme. Idan ka maƙale, ka yi ƙoƙari na awa ɗaya, sannan ka yi tambaya tare da faɗin abin da ka riga ka gwada. Abin da ya fi komai gina suna shi ne kai mummunan labari da wuri. A shekarata ta biyu a wani kamfani na aika umarnin gyara ga rumbun bayanai na gaske, na manta sharaɗin da zai iyakance shi ga mutum ɗaya, sai ya sauya bayanan dukkan abokan ciniki. Jikina ya yi sanyi, zuciyata ta raya mini in yi shiru in lallaɓa in gyara, amma na tashi na gaya wa shugabana a cikin mintin. Muka dakatar da manhajar, muka dawo da kwafin daren jiya, muka kwana muna shigar da cinikin rabin yini da hannu daga rasit. Da na ɓoye na awa biyu, da sabbin ciniki sun hau kan gurɓatattun bayanai, da gyaran ya ɗauki makonni. Bayan wata uku shi wannan shugaban ne ya damƙa mini kula da rumbun gaba ɗaya, kuma tun daga ranar ban sake aika irin wannan umarni ba sai na fara gwada shi a kan kwafi.

Bayan shekara biyu ko uku, abin da zai ɗaga darajarka ba yawan yaruka ba ne, zurfi ne a fanni guda, kuɗi ko lafiya ko noma, har ka zama wanda ya san harkar kamar masu ita. Ka riƙa ajiye rubutaccen tarihin abin da ka gyara da amfanin da ya kawo, domin da shi ake neman ƙarin albashi ko sabon wuri. Idan ka ga shekara ta wuce ba ka koyi sabon abu ba, kuma babu wanda ke gyara maka aiki, lokacin duba wani wuri ya yi, amma ka bar na farkon da sallama mai kyau, ka miƙa aiki a rubuce, domin masu wannan sana'a a Arewa ba su da yawa, kuma wanda ka bari yau shi za a kira gobe a tambaya a kanka.

Idan ka zauna da mai littafin ranar kasuwa biyu, ka rubuto mini abubuwa biyar da ka ga suna jawo gardama a lissafinsu, da yadda kake tunanin tsara teburan rumbun bayananka, wato jerin layukan da kowane irin bayani zai zauna a ciki, kafin ka rubuta ko layi ɗaya na Flutter. Teburin bashi zan fara dubawa, in ga yadda ka rarrabe Sani uku.